Wa ya riƙe duniya a daren da aka haifi Almasihu?

 Zan yi magana ne a kan tambaya guda, wadda na tabbata babu Kirista a ƙasar Kano da ba a taɓa jefa masa ita ba, ko a aji, ko a cikin motar haya tsakanin Wudil da birni, ko a teburin mai shayi. Ana cewa: ku Kirista kun ce Allah ya zama mutum, ya yi wata tara a cikin mace, aka haife shi aka kwantar a komin dabbobi, to a cikin watannin nan tara wa ke fito da rana, wa ke saukar da ruwa, wa ke jin addu'ar bayi? Mai tambayar sau da yawa ba da raini yake yi ba, da gaske yake son ya ji. Wanda aka tambaya kuma sau da yawa sai ya yi fushi ko ya yi shiru, ko ya ce ai asiri ne, ya kama gabansa. Ni ina magana ne a matsayin mai bin wannan koyarwa, kuma abin da zan kafa a gabanku shi ne cewa tambayar tana da amsa, amsar tana cikin abin da ake nufi in an ce Allah yana ko'ina, kuma in an fahimci wannan za a ga cewa ainihin saɓanin Musulmi da Kirista yana wani wuri dabam da inda muka saba jan daga.

Mu fara da maganar da kowa ke faɗa ba tare da ya tsaya ya auna ta ba. Ranar Juma'a a karar shanu ta garin nan na Wudil, mai sa da mai saye suna cinikin kuɗi masu yawa, dillali yana tsakani, ba takarda ba sa hannu. In aka zo wajen da shaida ta ƙare, ko an ɓoye wani ciwo a jikin dabba, ko an yi alkawarin cikon kuɗi Juma'a mai zuwa, sai ka ji ɗaya ya ce, “Allah na nan.” Ɗayan kuma ya gane abin da aka gaya masa. A daidai wannan lokaci ana faɗar kalmar nan a kasuwar Maigatari, ana faɗarta a Fataskum da Legas, kuma babu wanda ya taɓa cewa tun da Allah yana karar Wudil to ya bar ta Fataskum babu mai gani. Littafi Mai Tsarki ma haka ya koyar. Zabura ta 139 ta nuna mutumin da ke neman wurin ɓuya daga Ubangiji, ya duba sama, ya duba lahira, ya duba iyakar teku, ko'ina ya tarar an riga shi. Annabi Irmiya, a sura ta 23, ya isar da cewa Ubangiji ya cika sama da ƙasa. Sarki Sulemanu kuwa, ranar da ya keɓe Haikalin da ya gina a Urushalima, ya amsa da bakinsa cewa sammai ma ba su isa su ɗauki Allah ba, balle ginin da hannu ya yi. A lura da abu biyu a addu'ar Sulemanu: ya yarda Allah zai sa sunansa a wannan ɗaki a same shi a can, ya kuma yarda ɗakin bai ƙunshe shi ba. Duk abin da zan faɗa nan gaba yana cikin wannan ƙwaya.

Matsalar tana tasowa ne daga hoton da zuciya ke zanawa. In aka ce abu yana ko'ina, hankalinmu yakan tafi ga hazon hunturu da ya rufe gari, ko ga ruwan kogin nan da ke wucewa ƙarƙashin gada. Irin wannan abu yana da yawa ne kawai, ya bazu, wani sashe nasa yana nan wani yana can. Yarinya ta sauka bakin kogi ta tsoma tulu ta cika, ta ɗora a ka ta hau tudu: ruwan da ke cikin tulun ya bar kogin, kogin ya ragu da cikin tulu ɗaya ko da ido bai gani ba, kuma in da za a ce kogin duka ya shiga tulun, da masunta sun wayi gari a kan yashi. Mai tambayar wa ya riƙe duniya, da wannan hoto yake tambaya. Yana ganin Allah kamar kogi, jikin Maryamu kamar tulu. In kuwa haka Allah yake, to tambayarsa ba ta da amsa, kuma ni ma da na bi bayansa. Sai dai Allahn da za a iya ɗiba a rage, wanda rabinsa ke gabas rabinsa ke yamma, jiki ne mai tsawo da faɗi, kuma babu malamin Kirista ko na Musulmi da ya san abin da yake yi da zai yarda a siffanta Mahalicci haka.

Wanda ya fi kowa warware wannan a cikin magabatan ikilisiya ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya. A wata doguwar wasiƙa da ya rubuta wa wani mai mulki mai suna Dardanus a shekara ta 417, ya bayyana cewa Allah yana kowane wuri ne gaba ɗayansa, ba a gutsure ba. Ba a samun Allah da yawa a babban wuri, a sami kaɗan a ƙarami. Misalin da yakan kawo shi ne na magana, kuma za mu iya gwada shi a nan inda muke. Ina magana yanzu, na gaba yana ji, na baya yana ji. Ba a raba jimlata an ba na gaba farkonta an ba na baya ƙarshenta ba. Kowa ya same ta cikakkiya, kuma da za a ƙara mutum ɗari a ɗakin nan babu wanda rabonsa zai ragu. Da tuwo na kawo, da sai an yanka. To in maganar ɗan'adam, wadda iska ce kawai ke ɗauke da ita, tana iya isa ga kowa a cike, ina ga Wanda ya yi iskar da kunnen? Bayan ƙarni takwas Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ƙara tsara batun: Allah yana tare da kowane abu domin shi ke ba shi samuwa a kowane lokaci, ikonsa yana kansa, kuma babu abin da ya ɓoyu gare shi. Ma'ana, wuri ba ya riƙe Allah, Allah ne ke riƙe da wuri. Da zai janye hannunsa daga ƙwayar gero ɗaya, ba faɗuwa za ta yi ba, rasa ta za a yi.

A nan ya kamata in yi adalci ga malamanmu Musulmi, domin ba su bar wannan fage ba, kuma lafazinsu ya bambanta da namu. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan ƙasar nan tun ƙarnoni, ta ce Allah yana bisa Al'arshinsa, yana kuma kowane wuri da iliminsa. Littattafan tauhidi irin su Ummul Barahina ta Sanusi, mutumin Tilimsan da ya rasu a 1490, sun nanata cewa Allah tsayayye ne da kansa, ba ya bukatar mazauni, ba jiki ba ne balle ya cika wani gurbi. Malamin Musulmi yakan guji cewa Allah yana ko'ina da zatinsa, don tsoron kada a ɗauka ya gauraya da halitta. Malamin Kirista yakan faɗa, sannan ya yi maza ya ƙara da cewa ba kamar yadda jiki ke zama a wuri ba. Wannan bambanci ne na gaske, ba zan shafe shi ba. Amma abin da ɓangarorin biyu ke karewa ɗaya ne: Mahalicci ba ya tafiya daga wuri zuwa wuri kamar fatake, kuma kusantarsa da wani abu ba ta nisanta shi da wani.

Da wannan a hannu, mu koma ga haihuwar Almasihu. Tambayar da ake yi mana a motar haya an yi wa Agustin ita kusan kalma da kalma. Wajen shekara ta 412 wani babban mutumin Rum mai suna Bolusiyanus, wanda bai karɓi Kiristanci ba a lokacin, ya rubuto masa daga Kartaj cewa a wani zaman hira na abokai an tambaya ko zai yiwu Mai mulkin duniya ya shige cikin budurwa, ya ɓuya a ɗan jikin jariri mai kuka, ya bar kursiyinsa. Amsar Agustin ita ce, koyarwar Kirista ba ta taɓa cewa Allah ya zuba kansa cikin jiki har ya saki ragamar halitta ba. Masu tunanin haka sun kasa tunanin komai sai jiki. Kafin shi, Atanasiyus na Iskandariya a Masar ya rubuta littafi a kan zaman Kalma mutum, inda ya ce Kalman Allah bai kulle a cikin jikin ba: yana rayar da jikin, a lokaci guda yana rayar da dukan halitta, yana cikin komai, kuma komai bai ƙunshe shi ba. Saboda haka abin da ikilisiya ke nufi da ɗaukar jiki ba ƙaura ba ce. Kalman Allah, wanda dama yana cikin mahaifar Maryamu kamar yadda yake cikin kowace mahaifa yana ƙera abin da ke ciki, ya ɗauki wannan rai da wannan jiki ya mai da su nasa na kansa. Ba a rage komai daga Allahntaka ba, mutuntaka ce aka ɗaga. Amsar tambayarmu ke nan a taƙaice: wanda ya riƙe duniya a daren nan shi ne wanda ya riƙe ta a daren jiya da shekaranjiya, kuma komin da aka kwantar da jaririn ma a hannunsa yake.

Wani zai ce, to ai ku da kanku kuke cewa ya sauko daga sama. Yana cikin Shaidar Bangaskiya da aka tsara a Nikiya a 325 aka cika a Kustantiniya a 381, kuna karantawa ranar Lahadi. Gaskiya ne. Amma sauka a Hausa ma ba kullum take nufin barin tudu zuwa kwari ba. Muna cewa mai fushi ya sauko, muna cewa sarki ya sauko ya saurari talaka, alhali bai motsa daga kan karaga ba. Saukar da ake nufi ta ƙanƙan da kai ce. Kuma ina roƙon iyayenmu malamai su yi mini uzuri in tuna cewa irin wannan wahalar lafazi ta taɓa su su ma. Hadisin da ke maganar saukowar Ubangiji zuwa saman duniya a sulusin dare na ƙarshe ya sa magabata sun tattauna ko Al'arshi yana zama babu kowa a lokacin, har Ibn Taimiyya ya yi wa hadisin sharhi na musamman, kuma mafi yawa sun tafi a kan cewa saukar ba irin ta halitta ba ce. Ban kawo wannan don in ce hadisin yana koyar da abin da muke koyarwa ba. Ba ya koyarwa, ko kusa. Na kawo shi ne don a ga cewa duk mai magana a kan Allah da harshen mutane sai ya yi amfani da kalmomin hawa da sauka, kuma adalci shi ne a bar kowa ya fassara kalmarsa yadda malamansa suka fassara ta.

An taɓa yin wannan muhawara a fadar halifa cikin mutunci, kuma labarinta ya cancanci a san shi a ƙasar Hausa. Wajen shekara ta 781, a Bagadaza, Halifa Almahdi na Abbasiyawa ya zauna kwana biyu yana yi wa Timoti na Ɗaya, shugaban Ikilisiyar Gabas, tambayoyi masu zafi a kan Almasihu. Cikin misalan da Timoti ya kawo akwai na wasiƙar sarki: maganar sarki takan sa rigar takarda da tawada ta tafi wata ƙasa, amma ba ta fita daga zuciyar sarki ba, bai kuma zama marar magana ba don ya aika ta. Misali ne mai kyau ga abu ɗaya, wato cewa magana tana iya bayyana a wuri ba tare da ta rabu da mai ita ba. Yana da gurguwar ƙafa ta wani gefen, domin takarda ba ta da rai, ba ta da nufi, alhali mutuntakar Yesu cikakkiya ce mai tunani da so da tsoro. Halifan bai musuluntar da Timoti ba, Timoti bai mai da halifan Kirista ba, kowa ya tashi da addininsa da mutuncinsa.

Yanzu ga suka mafi ƙarfi, kuma daga amsata ta fito. In Allah yana ko'ina gaba ɗayansa, to yana cikin Yesu kamar yadda yake tare da ni da kai da san da ke ɗaure a kara. Me ya bambanta shi? Ko dai kowa Allah ne cikin jiki, wanda shirme ne kuma saɓo, ko kuwa Yesu annabi ne kawai da Allah ya kusanta fiye da saura. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ita ta girgiza ikilisiya a ƙarni na biyar, lokacin da aka zargi Nastoriyus na Kustantiniya da mai da Almasihu mutum wanda Kalma ke zaune a cikinsa kamar baƙo a masauki, har aka yi taron Afisa a 431 da na Kalsidon a 451. Abin da aka tsayar shi ne a bambance tambaya biyu, wato “mene ne” da “wane ne”. In ka nuna ni ka ce wane ne wannan, amsar ita ce wani bawa da Allah ke riƙe da ransa. Allah yana tare da ni, amma yunwata tawa ce, ba a cewa Allah ya ji yunwa don na ji. In ka nuna Yesu ka ce mene ne, amsar biyu ce, Allahntaka cikakkiya da mutuntaka cikakkiya, ba su gauraya ba, ɗaya ba ta rikiɗe ta zama ɗayar ba, ba su kuma rabu ba. In ka ce wane ne, amsar ɗaya ce tak, Kalman Allah. Babu wani mutum dabam da aka fara yi sannan Kalma ya shiga. Saboda haka kalmar hululi, wadda malaman Musulunci ke amfani da ita ga shigar wani abu cikin wani kamar ruwa a soso, ba ta kama abin da Kalsidon ta faɗa ba. Bambancin ba na yawan kasancewa ba ne, kamar a ce an fi zuba Allah a wannan jiki. Na mallaka ne, wato rayuwar wa ce wannan. Kibɗawan Masar da Habashawa ba su karɓi lafazin Kalsidon ba har yau, amma a kan cewa bai bar sama ba sa'ad da yake cikin komi, babu saɓani tsakaninmu; malaminsu Kirilus na Iskandariya ya faɗe shi a fili.

Sai maganar cancanta, wadda na san ita ta fi sosa zuciyar Musulmi mai tsoron Allah: mahaifa, jini, nono, yunwa, barci, da abin da ke biyo bayan cin abinci. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya kafa hujja da cewa Almasihu da mahaifiyarsa suna cin abinci. Ina girmama kishin da ke ƙarƙashin wannan suka, domin kishin ɗaukakar Allah ne. Amsarmu ita ce, wanda ya yarda Allah ne ke ƙera ɗan tayi a cikin duhun mahaifa, yana sane da kowace jijiya, ya riga ya yarda cewa kusantar wannan wuri ba ta ɓata shi. Rana tana haska masallaci da coci, tana haska kwatami da juji, ba ta taɓa komawa gida da wari ba. Ƙazantar da Allah ke ƙi ita ce zunubi, kuma ita ce kaɗai Littafi ya ce Almasihu bai ɗauka ba. Na san wannan amsa ba ta rufe bakin kowa, domin akwai tazara tsakanin a ce Allah yana kusa da mai yunwa da a ce yunwar tasa ce. Mu mun tsallaka wannan tazara, mun ce girman Allah ya kai har ya iya ƙanƙan da kai ba tare da ya ragu ba. Musulmi ya tsaya a bakinta ya ce bai dace ba. A nan ne saɓani na gaskiya ya fara.

Akwai kuma wuraren da Linjila ta nuna Yesu yana girma cikin hikima, yana tambaya, har a Markus sura ta 13 ya ce bai san ranar ƙarshe ba. Sannan ga mutuwa a kan gicciye. Wasu malaman Jamus na ƙarni na 19, irin su Gotfrid Tomasiyus, sun nemi mafita ta hanyar cewa Kalma ya ajiye wasu siffofinsa, sanin komai da iko da kasancewa ko'ina, na tsawon zamansa a duniya, suna dogara da sura ta 2 ta wasiƙar Filibiyawa. Ina ganin sun yi kuskure, kuma kuskurensu shi ne ya ba tambayar motar haya gaskiya. Siffofin Allah ba babbar riga ba ce da za a tuɓe a rataye; Allahn da ya daina sanin komai na shekara talatin da 'yan kai ya daina zama Allah, kuma wasiƙar Kolosiyawa ta ce a cikinsa ne dukan abubuwa suke tsaye. Tsohuwar amsa ta fi ƙarfi: rashin sanin na hankalinsa na mutum ne, wanda hankali ne na gaske mai iyaka, mutuwar kuma rabuwar ransa na mutum ce da jikinsa, kamar mutuwar kowa. Allahntaka ba ta mutu ba, ba ta iya mutuwa. Yadda mutum ɗaya zai rayu rayuwa biyu haka, ban ce hankali ya kewaye shi ba. Amma akwai bambanci tsakanin abin da ya fi ƙarfin hankali da abin da ya ci karo da kansa, kuma cewa ya san komai ta wata fuska bai sani ba ta wata fuskar ba cin karo ba ne.

Kirista ma sun yi jayayya a junansu ta ɗaya gefen, zan ambata a gurguje. A Marbug a 1529 Luta da Zwingli suka kasa daidaitawa a kan Jibin Ubangiji, domin Luta yana ganin jikin Almasihu da ya tashi yana tarayya da kasancewar Allah a ko'ina, su kuwa Zwingli da mutanensa na Siwizalan suka ce jiki in jiki ne yana da wuri. Kalbin da Katakisim na Haidelbag na 1563 suka tsaya a kan cewa Allahntakarsa tana cikin mutuntakar, tana kuma wajenta. Jikokin ɓangarorin biyu suna ƙasar nan, Lutaran na Numan da aikinsu ya fara a 1913, da cocin NKST na ƙasar Tibi. Abin lura shi ne, gardamarsu a kan ko mutuntaka ta faɗaɗa ce; babu ɗayansu da ya ce Allahntaka ta ƙuntata.

Duk abin da na faɗa bai tabbatar da cewa Allah ya zama mutum ba. Ya nuna ne kawai cewa kasancewar Allah a ko'ina ba ta hana, kuma wannan tambaya ta wa ya riƙe duniya tana dukan abin da ba mu faɗa ba. Ko abin ya faru, wannan magana ce ta wahayi da shaida: Kirista ya dogara da shaidar manzanni a kan rayuwar Yesu da mutuwarsa da tashinsa, Musulmi ya dogara da Alƙur'ani da ya ce Annabi Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, ya kuma kore haihuwa ga Allah. Ba za a iya haɗa biyun a ce duka daidai ne ba, kuma wanda ya ce mana babu bambanci bai girmama kowa a cikinmu ba. Ƙasar Kano ta san nauyin wannan batu tun kafin Bature ya zo. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an kashe wani Malam Ibrahim a kasuwar birni saboda matsayin da ya ba Annabi Isa, almajiransa da ake kira Isawa suka watse zuwa Ningi da ƙasar Zazzau, tun kafin Bishop Tugwell da Dokta Miller su iso Kano a 1900, kuma tun kafin a buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Isawa ba su riƙi koyarwar Kalsidon ba, amma labarinsu ya nuna cewa Hausawa ne suka fara yi wa junansu tambaya a kan Isa, da harshensu, kuma yadda aka rufe ta a wancan karo ba abin da za a so a maimaita ba ne. Fadar Almahdi ta fi kasuwar birnin Kano kyakkyawan misali.

Ina da roƙo ga 'yan'uwana masu wa'azi. Ku kula da bakinku in kuna cewa ya bar sama, ya bar kursiyinsa, ya baro Uba. Na san zafin ƙauna ke sa a faɗi haka, amma yaron da ya ji wannan a coci ranar Lahadi shi ne za a tare a jami'a ko a Kwalejin 'Yan Sanda ranar Litinin a tambaye shi wa aka bar wa kursiyin, kuma ku kuka sa shi a wannan rami. Ku koya masa Zabura ta 139 kafin ku koya masa labarin komi. Ga iyayenmu malamai da 'yan'uwa Musulmi kuma, roƙona shi ne in za ku yi mana raddi, ku yi wa abin da Atanasiyus da Agustin da Kalsidon suka faɗa, kamar yadda ku ma kuke so a ɗauki aƙidarku daga Risala da manyan malamai, ba daga bakin ɗan tasha ba. Ɗalibai, ku da kuke kwana ɗaki ɗaya kuna cin abinci kwano ɗaya, ku ne za ku fi kowa yin wannan hira. In an tambaye ka, ka amsa da abin da ka sani, in ka yi tambaya, ka tsaya ka ji amsar har ƙarshe.